Yatsu Biyar a Waje

Shekarar da aka soma Shari'a a Zamfara, yatsun maigidana biyu, ƙaramin da na kusa da shi, suka lanƙwashe. Ko a sujada hannun ba ya kwanciya. Likita ya ce wata jijiya ce a tafin ta yi kauri ta janye su, sai an yi aiki.

Malam, maigidan nawa, ya ce atafau. Na zaci wuƙa yake tsoro.

"Ke, ba wuƙa ba ce. Ni mai awon hatsi a kasuwar Ƙaura, in fito da hannu a naɗe a wannan zamani? Kafin la'asar labari ya kai Shinkafi an yanke mini hannu kan tauye mudu!"

Na yi dariya har da hawaye, sannan na roƙi likita ya bar kan yatsun a waje in ya zo naɗi. Ya ce ai dama haka ake yi.

Ranar da Malam ya koma kasuwa bayan aikin, an ce hannun ya yi ta ɗagawa yana gaisuwa, don kowa ya ƙirga yatsun. Da ɗinkin ya warke, na leƙa yana sallah, tafin nan shimfiɗe a kan buzu. Alhamdulillahi.