Inna Ta Ce Lahiya Lau

Ranar Laraba ce. Inna ta riga kowa tashi, kamar kullum. Kafin rana ta fito ta ba rabin lambun albasarta ruwa, tana tsaye cikin kogi har gwiwa, tana watsawa da ƙwarya tana yi wa awakin maƙwabta faɗa. Ta haura shekara sittin, ba ta taɓa haɗiyar ƙwayar magani ba. Kunu da safe, tuwo da kifi da rana, aiki, surutu, barci. A gungunmu, tsibirin da ke tsakiyar kogin Kwara ƙasa da Yauri, babu wanda bai san muryar uwata ba.

Mun san da maganar tashi. Tun bayan samun mulkin kai ake cewa za a tare ruwa a Kainji, gungu zai nutse. An zo an yi awo, an shafa wa itatuwa fenti. Yawancin gari sun riga sun ƙaura. Mu da wasu gidaje muka roƙi a bar mu mu cire albasa, saura kwana ashirin ta nuna. Ashe kwana ashirin ya yi wa masu ilimi yawa.

Da hantsi muka ji ƙarar inji daga kudu. Jiragen ruwa biyu ne. Masu kaki suka diro da kulake da galan-galan na fetur. Babu sallama.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Daga yamma suka fara. Ɗakin farko ya kama da wuta kafin mai shi ya gama fitar da tabarma. Gorar jinka tana fashewa a wuta, tas, tas, har wasu suka zaci bindiga ce suka kwanta a ƙasa. Awaki suna kuka a turke. Hayaƙi ya rufe hanyar masallaci. Wai ƙona gidajen don amfaninmu ne, kada wani ya dawo ruwa ya ci shi. Kun ji tausayi.

Inna ta taho daga lambu a guje, zaninta a jiƙe. Ta riƙe ƙyauren ɗakinta da hannu biyu. A ɗakin nan ta haife mu, a bayansa aka binne Baba.

"Saki, tsohuwa!"

Ba ta saki ba. Wani mai gashin baki ya sauke mata kulki a wuyan hannu. Na ji ƙarar daga bakin rumbu. Ƙato guda, da takalmi da hula, ya gwada ƙarfinsa a kan tsohuwa mai jiƙaƙƙen zani, har yana gyara ɗamara. Dantani mijina ya saɓa ta a kafaɗa, muka yi bakin ruwa.

Kafin azahar muna cikin kwalekwalenmu. Muka bi ta gefen lambu. Ta cikinsa masu kakin suka ja jiragensu, albasa duk ta kwanta cikin laka. Inna ta juya ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ita da akuya ma ba ta tsira daga bakinta.

Da la'asar muka sauka a gaɓar wajen Wara. Muka hau tudu da ƙafa har sabon gari. Gidajen siminti ne a jere kamar akurkin kaji, a kan tsakuwa, ruwa kuwa sai an yi tafiya. Aka nuna mana namu. Inna ta shiga ta zauna tana fuskantar bango.

Kwana uku, kwana goma, wata guda. Hannun ya warke. Ita ba ta dawo ba. In na ajiye tuwo sai ya huce a gabanta, sai na ba ta a baki. Ba ta shara, ba ta faɗa, ba ta tambayar kowa. Abu ɗaya ya rage mata: in an gaishe ta tana amsawa.

A watannin nan babu irin wa'azin kiwon lafiya da ba mu sha ba. Duba-gari yana zagayawa da farar riga yana leƙa randunanmu. A rufe ruwa. A tafasa ruwa. A share tsakar gida. Mutanen da aka haifa a tsakiyar kogi ake koya wa yadda ake shan ruwa. Ya wuce Inna a zaune ya fi sau biyar, randarta kawai ya duba.

Wata na biyu aka ce malamin asibiti zai zo ranar kasuwa, sau ɗaya. Na yi mata wanka, na ɗaura mata zani, na ja ta har gindin tsamiyar da ya kafa teburinsa. Layi ya yi tsawo, duk matan garinmu ne. Rana ta take muka iso gabansa. Ya juya hannunta, ya leƙa idonta, ya sa ta fito da harshe.

"Inna, lafiya?"

"Lahiya lau."

"To madalla," in ji shi.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san wanda ke kan gargara ma haka zai amsa. Gaisuwa ce. Shi da takardunsa ya ɗauke ta sakamakon bincike. Ya juyo gare ni ya ce me ke damunta, tunda ita ta ce babu.

Na buɗe baki. Kalma ɗaya na sani ta irin wannan ciwo, ita ce hauka. Matan gari suna bayana, kunne a buɗe. Ina da 'ya'ya mata biyu da za su yi aure wata rana a cikin mutanen nan. Kuma uwata ce.

"Ba komi, malam. Gajiya ta."

Ya yi dariya. "To ta huta mana! Yanzu ai ba ta da aikin komai." Ya miƙo ƙwayoyin zazzaɓi a ƙullin takarda, ya ce na gaba.

Hutu ya rubuta wa matar da hutu ke kashewa. Na raina shi a ranar, har yau ina raina shi. Amma na fi raina kaina, don shi bai san ta ba, ni na san ta. Bai sake zuwa ba. Ni ma ban sake kai ta ko'ina ba.

Ana cewa ba a kashe kowa a gungunmu ba, kuma gaskiya ne. Mu shida muka shiga kwalekwale, mu shida muka sauka. Inna ta yi damina huɗu a ɗakin siminti kafin ta rasu. Kowace safiya na durƙusa na gaishe ta, kowace safiya ta amsa. Ba ta ƙara tambayata yadda na kwana ba.