Ragon Sunan Ɗana na Uku

Tun ina saurayi nake gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi a Tudun Wada. Da dakon buhu na fara, daga baya ya ba ni makullin sito. Shi ya yi mini aure, ya ba ni ɗaki a bayan gidansa. Tuwo daga cikin gida yake fitowa, kayan Sallah ma haka. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa barina da yunwa ba. In an tashi kasuwa sai in zauna a zaure, ya yi magana in ce, "Haka ne, Alhaji."

Al'adar gidan, in aka yi wa yaron gida haihuwa, Alhaji ke sayen rago, shi ke faɗa wa liman suna. Ɗana na fari sunan Alhaji ya ci, ta biyu sunan uwar Alhaji. Ni ina gefe ina raba goro.

Da matata ta haifi na uku, namiji, ubana bai daɗe da rasuwa ba. Na sami Alhaji bayan La'asar, zaure cike da mutane.

Na ce, "Alhaji, wanga yaro sunan babana nika son a sa mai."

Ya ce, "Mi kac ce?"

Na maimaita.

Ya ce, "Na riga na yi ma ƙanena alkawarin takwara. Kai da ko kaza ba ka taɓa yankawa ba? Mai rago shi ad da suna."

Aka yi dariya. Na ce, "To ni zan sayi ragon."

"Saye. Ka yanka shi ƙofar gidanka, in kana da gida."

Washegari na ajiye masa makulli, na yi godiya. Na kwashi mai jego da yara zuwa Dundaye, ɗakin ƙasar da ubana ya bari, rufin duk ya lotsa. Surukata ta ce in hauka nake ji in yi ni kaɗai, ban da ɗiyarta. Matata kuwa ta ɗora tukunyar wanka a kai. Na sayar da kekena na sayi rago, ƙarami, ya dai kai yanka.

Yau ƙwadago nake yi a fadamar albasa. Bayana ya lalace, akwai ranar da fura kaɗai ke kwana da mu. Na gaji, ban ɓoye ba. Amma ba na manta safiyar sunan nan. Tabarma ɗaya ba ta cika ba. Liman ya duba hagu da dama, ya ce, "Ina babban da zai ba mu suna?"

Na ce, "Ni ne uban yaro, Malam."

Ya miƙo kunne in raɗa masa. Ban raɗa ba. Na faɗi sunan ubana da ƙarfi, har mata suka ji daga cikin gida suka saki guɗa.