Gammon Jabana da Ya Narke

Ko zan manta komai na zamanmu a Gadarif, ban da la'asar ɗin da na kai kaina shan gahawa ba a gayyace ni ba.

Shekarar da yaƙi ya koro mu daga Khartum ce. Maigidana ya samu aikin yankan riɗi a wajen garin Doka, ya bar ni a ɗakin haya ni kaɗai, ba wanda na sani. Wani lokaci sai in wuni ban ji muryata ba, in ba a salla ba. Kullum da la'asar matan unguwa kan taru a gidan wata tsohuwa da ke bayan katangarmu, ƙamshin gahawa ya tsallako, dariyarsu ta biyo baya. Ni kuwa in zauna in kasa kunne kamar ɓarauniya. Kaɗaici ya ci ni, wallahi.

Ina son shiga cikinsu, amma girman kan 'yar birni ya hana ni zuwa hannu rabbana. A ƙasan jakata na tarar da guntayen zaren ulu mai gashi-gashi da ƙyalli, ragowar gyalen da na saƙa wa ƙanwata kafin gudu ya raba mu. Babu allurar saƙa, sai na fere fensir biyu. Ja ya ƙare na ƙulla shuɗi, shuɗi ya ƙare na ƙulla ruwan goro. Na naɗe saƙar a zoben tsumma, ta zama gammon ɗora jabana, tulun yumɓun da ake zuba gahawa, tunda gindinsa a mulmule yake, ba ya zama da kansa.

Na ɗauki gammon, na je na yi sallama. Tsohuwar gidan ta karɓi gammon tana jujjuyawa. "Ma sha Allah! Itfaddali, 'yata, zauna." Nan take ta sauke jabana daga garwashi ta ɗora a kai.

Kafin a zuba wa kowa, ƙauri ya cika tsakar gida. Ashe zaren na roba ne. Ya narke, ya manne a gindin tulun ya yi baƙi. Ni da na saba shan gahawa daga filas, ina zan san zafin yumɓu?

Kunya ta rufe ni, na miƙe zan fice. Tsohuwar ta cafke gefen mayafina.

"Ina zuwa? Kin ɓata min jabana, kalas, magana ta ƙare, ke za ki kankare ta."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ya ukti, 'yar'uwa, watanni muna jin motsinki, mun ɗauka 'yar Khartum ba ta son mutane ne."

Na zauna ina kankara da wuƙa, hawaye na zuba, ina ce musu hayaƙi ne.

Ranar na gane mai kaɗaici yakan zaci sai da abu a hannu za a karɓe shi. Sallama kawai suke jira, ni kuma na hana su ita.