Sirrina Ya Zama Batun Addu'a

Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cigiyata, ina raye. Yau zan faɗi abin da ya same ni, wanda zai ji haushi ya ji.

A ƙauyen mijina na haifi Salama, can bayan Jos. Bakwaini ce, shi ya sa ƙaramin asibitinmu ya sa ni cikin masu jegon da ake bi gida ana dubawa. Duk Talata Mama Rifkatu, ma'aikaciyar asibitin, ke zuwa da sikeli da littafi. Ta auna jaririya, ta koya mini ɗaure ta a ƙirji don ta ji ɗumi. Cocinmu ɗaya, ita ce ma mai kaɗa tulu a zumuntar mata. Ni kuwa uwata ta rasu tuntuni, sai na riƙe ta uwa.

Sati uku da haihuwa barci ya ƙaurace mini. Abinci ya fita raina. Salama na kuka, ina kuka. In na ɗauke ta, ina ganin kamar za ta suɓuce.

Wata Talata Mama Rifkatu ta rufe littafin ta ce, "'Yata, faɗa mini. Maganar ɗakin nan, a ɗakin nan za ta mutu."

Na zazzage mata cikina kaf. Har da cewa ina tsoron a bar ni da yarinyar ni kaɗai.

Ran Alhamis a taron zumunta ta miƙe, wai tana da batun addu'a. Ta kira sunana, ta faɗi abin da na gaya mata. Surukata na zaune a layin gaba.

Kafin rana ta faɗi surukata ta shigo ta ɗauke Salama daga cinyata. "Ba zan bar jikata a hannun mai taɓin hankali ba." Dung, mijina, yana bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Sati shida ina jin kukan 'yata ta bango. Ana ɗura mata madarar gwangwani, nonona na jiƙa zani, har ya gaji ya ƙafe.

Yayata Saratu ce ta zo daga Jos Jarawa. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Haba! Tashi ki sa takalmi."

A asibiti a Jos muka yanki kati, muka bi layi, aka ɗebi jini. Jinina ya yi ƙasa sosai. Likitar ta daɗe tana tambayata, ni kuma ina jiran ta ce a kulle ni. Sai ta ce, "Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani. Tun ranar da kika faɗa wa Mama Rifkatu ya kamata ta turo ki nan, aikinta ke nan."

Ta sa aka kira Dung, ta wanke shi tas. Ya sayar da dankalinsa ya sayi magani, ya je da ƙafarsa ya karɓo Salama.

Da aka miƙo mini ita, ƙyuya ta yi mini. Wallahi wannan ya fi ciwon zafi.

Mama Rifkatu ta bugo mini waya. "Ai don alheri na yi, addu'a laifi ce?" Na ce, "Mama, Allah ya san sunana, ba sai kin faɗa wa coci ba."

Yanzu da sauƙi sosai. Ina shan magani, ina barci, ina komawa ganin likita duk wata. Na gode wa Allah. Yaya Saratu, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Masu jego, kada labarina ya rufe muku baki. In kuka ya ƙi ƙarewa, ku nemi asibiti, ku tafi da wanda zai tsaya muku. Ku kuma masu shiga gidajenmu da littafi, aikinku na ceton rai, amma amana kuke ɗauka. Ku kai maganarmu wurin likita, ku yi mana addu'a a ɗakinku.

Salama ta saba da ni, a bayana take barci yanzu. Nonon dai bai dawo ba.