Doña Primitiva da karen da ke cinye rabon ƙasa

Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarfe shida na safe Doña Primitiva Choque take buɗe ɗakin girkin unguwarmu a birnin El Alto. Ta jiƙa busasshen dankali, ta ɗora babbar tukunyar miya, kafin rana ta take tsofaffi arba'in sun cika benci. Kowannensu sai ya zuba cokalin farko a ƙasa, rabon Pachamama, Uwar Ƙasa, sannan ya kai na biyu baki.

Wannan rabon ne ya lalata Chuño, baƙin karen da ya girma a ƙofar ɗakin. Daga lasar ƙasa ya koma ɗora haɓa a gwiwar mutane yana kukan roƙo. Ranar da mai duba tsabta ta zo, ƙafafunsa biyu a kan tebur ta gani. Ta ce bayan wata guda za ta dawo, in ta sake ganin haka za ta rufe ɗakin.

Don Hilarión, shugaban kwamitin ɗakin girkin, ya ce, "A ba shi guba kawai, mama. Kare ne fa, ba ɗan majalisa ba."

Doña Primitiva ta aje ludayi ta ce, "Ku kuka ɓata shi, ku ne kuma za ku kashe shi? Ba ni kwana talatin ɗin."

Ta shimfiɗa masa buhu a bakin ƙofa. Shi take fara zuba wa abinci kafin kowa. In ya taso ta mayar da shi, ba duka ba tsawa, sau ashirin a wuni, da gwiwoyinta masu ciwo. Cikin mako biyu kare ya gane. Mutane ne suka ƙi ganewa. Ta kama tsoho Don Zenobio yana zuba cokali uku a ƙarƙashin tebur.

"Don Zeno, yaushe Pachamama ta fito da wutsiya?"

"Haba ƙanwata! So kike in ci ban ba ƙasa ba? Ko kakana bai yi haka ba."

Ba ta hana kowa al'adarsa ba. Kasko ta kawo, tana bi benci-benci ana zuba cokalin farko a ciki, ta kai rami a tsakar gida ta juye, ta rufe da dutse. Ƙasa ta sami nata, babu abin da ke faɗuwa. Da mai duba tsabta ta dawo, Chuño ko kai bai ɗaga daga buhunsa ba.

Ranar Asabar aka yi taron sallamar Doña Primitiva, don ta aje aiki. Don Hilarión ya miƙe yana yabon "dabarar da kwamiti ya fito da ita". Aka tafa masa! Ita kuwa tana baya tana kankare tukunya, ko sunanta bai kama ba. Mutumin da ya ce a kawo guba!

Doña Primi, ke ce kika hana a rufe ƙofar nan. Ke ce kika bar wa tsofaffi miyarsu, kika bar wa kare ransa. Uwar masu jin yunwa, mun gode.

Ku kuma 'yan unguwa, ranar Litinin sabuwar mai girki za ta fara. Ku zuba a kasko, ku daina jefa wa Chuño. Kuma ku taka zuwa gidan Doña Primi ku gaishe ta. Kare ya koyi zama cikin mako biyu. Mu shekara ashirin da shida muna cin girkinta, har yau ba mu koyi cewa sannu ba.