Angulun da Yaya Idi Ya Ajiye

Bana shekara goma sha biyu da rasuwar yayana Idi, mutumin da duk Cadawa ta ɗauka yana da taɓin hankali. Aikinsa tara tsuntsaye da ƙwari da ganyaye, ya busar, ya kai gidan adana kayan tarihi don masu bincike da ’yan lakol, wato ’yan makaranta. Ba ya kashewa, sai wanda ya tsinta a mace.

Ranar da ya shigo gida rungume da mushen angulu daga bayan mahauta, Inna ta saki muciya. “Idi, mi za ka yi da wagga ƙazanta? Angulu ta ƙare a duniya ne?” Ya ce, “Inna, ajiya ce.” Ni na fi kowa dariya. A lokacin mahauta har jifan angulaye suke yi kafin su samu wurin fiɗa.

Yau ɗaga kai ka duba, ba ko ɗaya. A da, makiyayan wajen Sae Sabuwa, in saniya ta ɓace, sama suke kallo. Inda angulaye ke shawagi, nan ta faɗi. Yanzu sai wari ya kai su, su tarar da karnuka sun riga su, karnukan da ke dawowa cikin gari su kwanta inda yara ke wasa. Wasu sun ce guba ce ta cinye angulayen, wasu sun ce masu sayen kawunansu don tsubbu ne ta iyakar Gazawa. Da Yaya na nan, na san ba zai ce ya faɗa mana ba. Jakarsa zai saɓa ya fita neman wani abin ajiyewa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Bara na kai ’yan ajin da nake koyarwa gidan adana kayan tarihin. Angulun tana nan cikin gilashi, da sunan garinmu a ƙasanta. Wata yarinya, ɗiyar mahauci, ta daɗe tana kallonta, ta ce, “Madam, a wace ƙasa ake samun wannan?” Na ce a bayan rumfar babanta. Ta yi dariya, irin wadda na yi.

Abin da Yaya ya bari ke nan: tsuntsuwa ɗaya da ba ta ruɓe ba. Kusa da ita ya bar gurabe babu komai, a jere. Tun da na dawo, duk tsuntsun da ya yi kuka a kan gawon ƙofar gidanmu sai na tsaya na dube shi da kyau.