Dabo Mai Gishiri da Faɗuwar Farko

A gidan kallon Kelvin da ke unguwar Bukan Sidi a Lafiya, ranar Asabar bayan Azahar ake saka kokawar Turawa, wadda kowa a wurin yake kira reslin. Bencin gaba na mutum biyu ne, kuma ko baƙo ya zo sai a gaya masa: Malam Dabo mai gishiri da abokinsa Tyav mai doya. Tun Kelvin yana saka kaset suke zama a kansa. A duk tsawon shekarun nan Malam Dabo bai taɓa ganin ƙarshen wasa ko ɗaya ba, alhali ba fita yake yi ba, ba barci yake yi ba.

A Kwandere aka haife shi, a gidan manoma. Yana saurayi ya yi kokawa, irin wadda ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Dokarta gajera ce: in bayanka ko gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, an ka da kai, ka karkaɗe jikinka ka ba wasu wuri. Dabo ya yi 'yan shekaru ba a ka da shi ba. Rannan ya kama da wani gajere mai faɗin ƙirji, suna cikin juyi gwiwarsa ta ɗan shafi ƙasa. Makaɗa ba su gani ba, 'yan kallo ba su gani ba, shi kansa gajeren bai gani ba. Dabo ya sake shi, ya fita daga fili, ya je ya sa rigarsa. Daga nan bai sake kokawa ba. Ya shiga sarin gishiri daga Keana yana kawowa kasuwar Lafiya, ya auri Maimuna, ya yi rumfa kusa da layin 'yan doya. Nan ya haɗu da Tyav, kuma Tyav ne ya fara jan sa zuwa gidan kallo.

Ranar farko ya zauna ya naɗe hannu. Wani ƙato ya ɗaga ɗan'uwansa ya maka shi da ƙasa. Dabo ya gyaɗa kai.

"An gama," ya ce.

Kelvin ya ce, "Baba, yanzu aka fara."

"Wancan ya faɗi."

"Zai tashi."

"Ya tashi ya je ina?"

Mutumin kuwa ya tashi, ya ci gaba da dukan wanda ya ka da shi. Dabo ya dubi Tyav, ya dubi akwatin, sannan ya ɗaga ƙafafunsa ya juya a kan bencin, ya ba talabijin baya. Haka ya zauna har aka buga ƙararrawar wasa na gaba, sannan ya juyo.

Abin da ya ci gaba da yi ke nan kowace Asabar. Da zarar wani ya faɗi sai ya ce an gama, ya faɗi wanda ya ci, ya juya, ya fito da goronsa. Da yake bencinsa ne na gaba, sauran mutane suna kallon reslin ne Malam Dabo kuma yana kallonsu. Sababbin zuwa sukan takura, wasu har su gyara zama. Tsofaffin zuwa sun saba, kamar yadda aka saba da ƙarar janareto.

Ra'ayinsa a kan ingancin wasa bai taɓa canzawa ba. Wasa mai kyau shi ne wanda mutum biyu suka daɗe a tsaye. In aka riƙe juna aka yi ta turereniya har 'yan baya suka fara tsaki, nan ne za ka ji Malam Dabo ya ce, "Yau an kawo maza." Wanda ya hau igiya ya diro kan abokin karawarsa kuwa, a wurinsa shi ya ka da kansa, ba sai an taya shi ba. Akwai wani mai riƙe da kambu da aka yi ta yayi, duniya tana cewa ba a taɓa cin sa ba. A lissafin Malam Dabo, mutumin nan bai taɓa cin kowa ba.

Zulkifilu mai gyaran waya, wanda yake zama a benci na biyu, shi nasa ra'ayin daban. Kullum sai ya sanar da jama'a cewa duk shiri ne.

"Malam Dabo, ka daina wahalar da kanka. An rubuta musu komai. Kai za ka faɗi, kai za ka tashi."

"In an rubuta, to wanda ya rubuta bai san kokawa ba."

"Ai ba kokawa ba ce, fim ne."

"To me ya kawo ka kowane mako?"

"Ina zuwa in ga inda suka yi kuskure."

Tyav kuwa komai ya yi masa. Ya ce wasan da ba a fasa tebur ba ɓata fetur ne. Yana da gwaninsa, wani mai jan wando da suke kira Jan Wando kawai, don sunansa na gaskiya ya ƙi zama a bakin kowa. Yakan yi ta zungurin Dabo da gwiwar hannu.

"Mai gishiri, juyo ka gani, ya ɗauko kujera."

"Zama zai yi?"

"Zai buga masa a kai."

"To ka ga ba kallona ba ne, na 'yan sanda ne."

A haka suka tsufa. Idan an tashi sai su taka tare zuwa bakin titi suna musu, kowa yana maganar wasan da ya gani, kuma ba wasa ɗaya ba ne.

Sai cutar yanar ido ta fara rufe idon Tyav. Da farko ya ce akwatin Kelvin ne ya tsufa. Kelvin ya sayo sabo, babba, Tyav ya ce wannan ma hazo gare shi. Wata Asabar ya yi ta kirari yana tafa wa Jan Wando, sai da Zulkifilu ya gaya masa alƙalin wasa ne yake yi wa. Asabar da ta biyo baya Tyav bai zo ba, wadda ta biyo ta ma haka.

Dabo ya same shi a rumfar doya, yana zaune yana laluben kayan da hannu yana ware manya da ƙanana.

"Mai doya, an daina ganinka."

"Ni ma na daina ganin kowa. Asibiti sun ce za a yi aiki, amma sai sukari ya sauka. Sukari kuma bai ce zai sauka ba."

"Ka zo ka zauna dai."

"In zauna in yi me? In ji mutane suna ihu ban san wa ya mutu ba?"

"Ni zan riƙa gaya maka."

Tyav ya ajiye doyar da ke hannunsa. "Kai?"

"Ina da ido, ina da baki."

Ranar Asabar ya je ya ɗauko shi. Kuma gaskiya, ba a taɓa jin bayani irin na Malam Dabo ba a gidan. Ya gaya masa inda kowa ya dafa, da wanda ya fi kafa ƙafa, da wanda numfashinsa ya fara gajarta. Tyav yana murmushi yana gyaɗa kai. Sai wani ƙato da suke kira Mai Gemu ya ka da abokin karawarsa.

"An gama. Mai Gemu ya ci."

Ya ɗaga ƙafafunsa ya juya.

Tyav ya jira. Bayansa mutane suka ɗauki hayaniya, wani abu ya fashe a cikin akwatin.

"Mene ne ya fashe?"

"An gama, na gaya maka."

"Zulkifilu, mene ne ya fashe?"

"Tsaya, Baba, tsaya," in ji Zulkifilu, idonsa yana kan akwatin.

Tyav ya zauna a tsakanin hayaniyar, fuskarsa tana fuskantar hasken da ba ya iya rarrabewa. Da aka buga ƙararrawa sai ya lalubi sandarsa ya miƙe.

"Mai gishiri, ka ɗauko ni daga gida ka ajiye ni a tsakiyar titi. Kada ka sake zuwa ɗaukana."

Kelvin ne ya raka shi ya sa shi a Keke.

A gida Dabo ya zauna cin tuwo. Maimuna ta bar shi sai da ya wanke hannu.

"Baban Hafiza, yau ba a kawo maza ba ne?"

"Mai doya ya ce ya daina zuwa."

"Kai ma ai ba zuwa kake yi ba. Ƙeyarka ce take zuwa."

"Wanda ya faɗi ya faɗi, Maimuna. Abin da suke yi bayan nan ba daidai ba ne, kuma idan na kalla na yarda ke nan."

"Wa zai tambaye ka?"

"Ni."

"To shi ke nan. Benci ya zama naka kai kaɗai, sai ka miƙe ƙafa."

Ya gwada zuwa shi kaɗai. Aka ka da wani, ya ce an gama, ya juya. Babu wanda ya zungure shi. Zulkifilu ya ce shiri ne. Dabo ya ci goronsa yana kallon mutane, mutane suna kallon bayan kansa, har aka tashi. Ya taka zuwa bakin titi, ya tsaya, ya rasa wanda zai gaya wa cewa wasan bai yi kyau ba.

Da Litinin ya je rumfar doya, ya ja kujera ba a ba shi ba.

"Zan gaya maka abin da suke yi bayan an gama."

"Har ƙarshe?"

"Har su gaji. Amma ba zan kira shi kokawa ba."

"Kira shi biki in ka ga dama. Ba za ka juya ba?"

"Ba zan juya ba."

"In ka juya zan sani. Muryarka za ta koma baya."

Labari ya riga su isa Bukan Sidi. Asabar ɗin gidan ya cika, har da waɗanda ƙwallo kawai suke zuwa kallo. Babban wasan na Jan Wando ne da Mai Gemu. Ba a daɗe da farawa ba Mai Gemu ya sunkuce shi ya shimfiɗa shi a ƙasa. Rabin mutanen gidan suka bar akwatin suka zuba wa bencin gaba ido.

Malam Dabo ya ce, "An gama," a hankali, kamar wanda yake gaya wa kansa. Ƙafarsa ɗaya ta ɗan ɗaga. Ya mayar da ita.

"Naka ya faɗi," ya ce. "Yanzu ya tashi. Bai ji kunya ba."

"Ci gaba."

"Ya ruga ya jingina da igiya ta turo shi. Ya buge Mai Gemu da kafaɗa. Mai Gemu ma ya faɗi. Yanzu babu mai mutunci a cikinsu."

"Alƙali fa?"

"Yana nan yana yawo, ba a sa shi aiki ba. Naka ya fita waje. Yana neman wani abu a ƙarƙashin dandamalin. Ya samo tebur."

Tyav ya gyara zama, ya kama hannun rigar Dabo. "Babba?"

"Zai ɗauki mutum shida da abinci. Ya kafa shi. Ya kwantar da Mai Gemu a kai, shi kuma ya yarda ya kwanta. Naka yana hawa igiya. Yana gaishe da mutane. Har yanzu yana gaishe su."

Gidan ya ɗauka gaba ɗaya.

"Ya diro. Tebur ya rabu biyu. Sabo ne fa."

Tyav ya buga sandarsa a ƙasa yana dariya har da tari. Dabo bai yi dariya ba, amma bai ɗauke ido ba. Ya gaya masa Jan Wando ya danne Mai Gemu, alƙali ya kwanta shi ma yana dukan ƙasa, an buga ƙararrawa.

"Wa ya ci?"

"Alƙalinsu ya ɗaga hannun Jan Wando."

"Ba alƙali na tambaya ba. Kai na tambaya."

Dabo ya fito da goro, ya duba shi, ya mayar aljihu.

"Na farkon, Mai Gemu ya ci. Wannan na biyun da ba shi da suna, naka ya ci."

"Ya isa," in ji Tyav.

Zulkifilu ya leƙo ta kafaɗarsu ya ce tebur ɗin an riga an ɗan yanka shi da zarto ta ƙasa, duk wanda ya san katako zai gane.

Da aka tashi Tyav ya dafa kafaɗar Dabo suka fito. Rana ta yi sanyi, 'yan acaɓa suna ta wucewa, suka tsaya a bakin titi suna jiran hanya.

"Bayaninka ba laifi," Tyav ya ce. "Amma kana jinkiri. Mutane suna ihu kafin ka gaya mini. Kuma ka rage wa'azi."

"Abin da na gani na faɗa."

"Sati mai zuwa akwai na tsani, Kelvin ya ce mutum huɗu ne a ciki. Ka zo da wuri, kuma ka koyi sunansu."

"Tsani kuma na mene ne?"

"Za ka gani. Ni za ka gaya wa."

Hanya ta buɗe. Dabo ya ce masa akwai kwata a gabansa, ya ɗaga ƙafa, suka tsallaka.